Micra ta daina mutuwa a gosulo, ashe dalma ce ta saki

'Yan uwa masu koyon taɓa mota da kansu, ku taya ni murna. Motar nan tawa Nissan Micra ƙirar 1998 ta hau gadar Third Mainland ta Legas daga Oworonshoki har Adeniji, ta dawo cikin cunkoson yamma, ko tari ba ta yi ba. Alhamdu lillahi. Wanda ya san irin wahalar da na sha a kanta tun damina zai gane dalilin da ya sa bakina ya ƙi rufuwa.

Ga yadda ciwon yake. Da safe ka murza makulli ta tashi lafiya lau. Sai inji ya ɗauki zafi silo, wato gudun inji in ba a taka totur ba, ya fara rawa, ya yi sama ya yi ƙasa. Ka taka totur ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta fizge ka kamar mai shaƙuwa. In aka shiga gosulo irin na Oshodi, da ka taka kuloci sai ta mutu, direbobin danfo su cika maka kunne da oda. Bakin salansa ya yi baƙi ƙirin, mai kuma tana shansa ba tausayi, ga shi tun da aka janye tallafi a Mayun 2023 kowace lita sai ka ji ta a jikinka.

Abubuwan da aka saba duk an bi ta kansu: fulogi, filtar mai, wanke nozul. Famfon mai ne ya fi ƙona min rai, naira dubu 28 har da kuɗin aiki, kuma tsohon da aka cire lafiyarsa ƙalau, yana nan a but. Wani bakanike ya rantse distiribita ce, ya ce in kawo dubu 40 ya samo min ta Beljiyam. Na ce ya bari tukuna. Kada ma wani ya ce me ya hana a jona mata kwamfuta: irin waɗannan na kafin 2000 ba su da soket ɗin nan mai ƙofa 16 da ake jona na'urar da kowa ke yawo da ita. Ni dai sai kunne da hannu.

Hannun ne kuwa ya gano. Ina tsaye kan injin yana aiki, ya riga ya yi zafi, ina bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya ina girgizawa. Da na kai kan soket ɗin da ke jikin kan totur, wato gidan da iska ke bi ta shiga inji, na ɗan danna shi gefe, sai silo ya zauna cak. Na saki, rawa ta dawo. Na ɗan ƙwanƙwasa gidan da bayan sukundireba, injin ya nemi mutuwa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

A wannan ƙirar ta Micra da ake kira K11, ma'aunin iska ba daban yake a kan bututu ba, a cikin gidan totur aka haɗa shi. Shi ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota yawan iskar da ta shiga don ta san man da za ta saki. Ƙafafun soket ɗin kuma dalma ce ta riƙe su a jikin wani ɗan allo da ke ciki. Shekara ashirin da ɗoriya ana zafi ana sanyi, ga jijjigar ramukan Legas, dole dalma ta gaji ta tsage. In inji na da sanyi tsagar a haɗe take, shi ya sa da safe ba ka jin komai. Da zafi ya buɗa ta, saƙo ya riƙa yankewa, ƙwaƙwalwa ta koma lalube, sai ta yi ta zuba mai.

Na leƙa Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, na ji farashi. Kan totur tokumbo dubu 45 aka fara yi min, kuma da na juya shi na ga sa'an nawa ne a shekaru. Wato ka sayi tsohuwar dalma ka maye gurbin tsohuwar dalma. Na ajiye musu abinsu.

Aikin da kansa ba wuya, haƙuri yake so. Na cire kan batir, na ɗauke gidan filtar iska, na zare soket. Murfin da ke rufe da allon liƙe yake da wani gam mai tauri, sai da na bi gefensa da reza a hankali, kuma nan ne mafi yawan lokacin ya tafi. Kada ku sa sukundireba ku ɓanɓare da ƙarfi, allon yana kusa. Ƙarƙashinsa akwai farantin ƙarfe, shi ma dalma ce ta kama shi, sai an narkar kafin ya ɗago. Da ido tsirara ban ga komai ba. Wani ƙanena mai gyaran waya a nan Agege ya ara min gilashinsa na ƙara girma da ƙarfen dalmarsa mai siririn baki, ya ce, “Yaya, duba gindin ƙafafun, ba samansu ba.” Sai ga shi kuwa: wani siririn zobe ya kewaye gindin ƙafar, dalmar ta dushe ta yi toka-toka maimakon ta yi ƙyalli. Na taɓa da tsinke, ƙafar ta motsa.

Na shafa man dalma, na narkar da tsohuwar, na ƙara sabuwa a kowace ƙafa, har waɗanda ban ga tsaga a jikinsu ba. Kada ku daɗe da ƙarfen a wuri ɗaya, kuma kada hannu ko burushi ya kai ga siririyar wayar nan da ke cikin hanyar iska, ita ce ma'aunin, in ta tsinke sai Ladipo dole. Na mayar da faranti, na liƙe murfi da silikon mai jure zafi, na bar shi ya kwana. Dalma da silikon gaba ɗaya ba su kai dubu 5 ba.

Tun da na buɗe bonet ɗin, na ga wanda ya riga ni motar ya cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, ya jona fanka kai tsaye, kamar yadda ake yi wa motoci da yawa a garin nan. Ni dai ban yarda da wannan dabara ba. Inji da ba ya kai zafinsa ƙwaƙwalwa na ci gaba da ba shi mai da yawa, don haka zan mayar da shi in kuɗi sun shigo.

Saura shaf na hagu da ke ƙas-ƙas in na karya sitiyari gaba ɗaya, robarsa ta yage giris ya watse. Sai kuma ƙarfen da ke ƙarƙashin lagireta, tsatsa ta cinye shi, na tura yatsa ya shige. Da ma motocin da suka sha gishirin titin Turai nan ne suke fara ruɓewa. Wannan kam aikin mai walda ne. Amma shaf ɗin ni zan yi, in akwai wanda ya taɓa kwance babban notin nan na tsakiyar taya ba tare da injin iska ba, ya gaya min tsawon bututun da ya sa a sifana.