Tsohuwar jitar bes a Legas: a gyara ta ko a sayar?

Ba a daɗewa ba a shigo shagon gyaran kayan kiɗa da irinta ba: jitar bes mai tsirkiya huɗu, fenti ya koɗe, ƙarafa sun yi tsatsa, akwatinta na warin fumfuna. Wata gadon uba ce da ya yi kiɗan hailaif ko juju a otal-otal na Legas a shekarun 1970, zamanin da kuɗin mai ya wadata, ƙungiyoyin kiɗa suna odar kaya daga Landan da Amurka. Wata daga ɗakin ajiyar coci aka zaƙulo ta, wata kuma cikin kayan tokunbo, wato gwanjon ƙasar waje, ta ɓullo a kasuwar Alaba International da ke Ojo. Maganar mai ita kusan kullum ɗaya ce: "Oga, a sa mini fikof mai batir, a fesa mata sabon fenti, ta dawo yarinya." Fikof shi ne abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar sautinsu zuwa amfilifaya. Amsar da muke bayarwa ita ma ɗaya ce: "Malam, yi haƙuri mu buɗe ta tukuna, mu san abin da ke hannunka."

Sunan da ke rubuce a kan jita ba hujja ba ne. Sitikar Fender, sanannen kamfanin jita na Amurka, ana sayar da ita a intanet, kuma farantin ƙarfen da ke bayan wuya, inda kamfanin ya riƙa buga lambar kaya kafin ya mayar da ita kan jitar a 1976, kusoshi uku ko huɗu ne kacal ke riƙe da shi, kowa na iya musanya shi. Saboda haka sai a sassauta tsirkiyoyi, a kwance wuya a hankali, a duba gindinsa da ramin da yake zama. Tsofaffin Fender na Amurka galibi suna da kwanan wata a nan, da fensir ko da hatimi. Daga nan a juya maɓallan murɗa sauti, waɗanda masu gyara ke kira fot, a karanta lambar da ke bayansu. In ta fara da 137, kamfanin CTS ne ya yi su. In 304 ce, Stackpole ne. Lambobin da ke biye su ne shekara da mako: 1377423 na nufin mako na 23 na 1974. Sai a duba dalmar da ke kan wayoyi. Ta asali takan yi toka-toka, ta kwanta lumui. Wadda aka sake narkarwa tana sheƙi, ko ka ga robar waya ta ƙone a gefenta. In wuya ya ce 1974, fot ya ce 1974, siffar fikof da kusoshi suka yarda da haka, to ka fara samun gaskiya.

Wannan binciken ne ke raba hanya. Fender ya fito da Precision Bass a 1951, ya fito da Jazz Bass a 1960, kamfanin CBS ya saye shi a farkon 1965. Duk wadda aka yi kafin wannan ciniki dukiya ce, kuma ban yarda a kusanto ta da injin huda katako ba ko da mai ita ya rantse ba zai taɓa sayarwa ba, domin magadansa za su sayar. Amma irin wannan da wuya ka gamu da ita. Abin da ya fi yawa a Legas su ne na shekarun 1970, sai na Japan: Yamaha BB, Ibanez, Aria Pro II, Greco, Tokai, da Fender Japan da Squier waɗanda aka fara yi a 1982. Na Japan ɗin nan mutane na raina su, alhali aikin katakonsu sau da yawa ya fi na Amurka na ƙarshen 1970 tsabta. Sai kuma kwaikwayo mai jikin filawud, wanda tsufa bai ƙara masa komai ba. Wannan ka yi masa duk abin da ranka ya so.

Bayan an san ko wace ce, wuya ake dubawa, don shi ne ran bes. Tsirkiyoyi huɗu masu kaurin 45 zuwa 105 suna jan sa da nauyin da ya haura kilo 70, dare da rana, shekara arba'in ko hamsin, cikin laimar Legas da kan wuce kashi 80 cikin 100 da damina, sannan hunturu ya zo a Disamba da Janairu ya busar da shi har bakin firet, wato ƙananan ƙarafan da ke gicciye a kan wuya, ya fito yana yankar hannu. Ga yadda ake aunawa: a danne tsirkiya mai kauri a firet na farko da na ƙarshe, a duba tazarar da ke tsakaninta da firet na takwas. Kimanin milimita 0.3 ake so, kamar kaurin katin kasuwanci. In ta kai milimita 1, wuya ya lanƙwashe, sai a koma ga sandar ƙarfen da ke cikinsa.

A nan ake yawan yin ɓarna, kuma ɓarna mai ciwo. A tsofaffin Fender notin wannan sanda yana gindin wuya, gumi da iskar teku sun daɗe suna cin sa, musamman in jitar ta zauna wajen Lekki ko Ajah. Wanda bai sani ba sai ya sa sukurudireba ya murɗa da ƙarfin tsiya, ko dai bakin notin ya lalace, ko sandar ta tsinke a ciki da wata 'yar ƙara "ƙas". Daga nan sai an ɗaga allon yatsu gaba ɗaya kafin a kai gare ta, aiki mai tsada wanda kuma ke zubar da darajar jita. Yadda ya kamata shi ne a fara kwance notin baki ɗaya, a goge zarensa, a ɗiga ɗigon mai, a ɗaure wuyan a kan miƙaƙƙen katako da matsi har ya miƙe, sannan a mayar da noti ya riƙe shi a haka. Kwata ɗaya na zagaye ake murɗawa, a bar shi ya kwana, a sake aunawa. In zaren ya ƙare wuya bai miƙe ba, washa, wato ɗan zoben ƙarfe, ɗaya ko biyu a ƙarƙashin noti kan ba da sarari. Amma in ka hango wuyan daga kai zuwa gindi ka ga ya murɗe kamar igiya, gefe ɗaya ya ɗaga ɗaya ya kwanta, kada ka zuba kuɗinka a fikof da fenti. Wannan jitar ta sayarwa ce, tare da faɗa wa mai saye gaskiya.

In wuya lafiya lau yake, mafi yawan abin da ke sa mutum ya ce yana son canji gyara ne kawai yake bukata. Ƙarar "ƙirr" in an murɗa bolum datti ne, feshin goge lantarki na kawar da ita. Sautin da ke ɗaukewa in an motsa waya ramin jak ne, inda ake cusa wayar, ya saki, a lanƙwasa harshensa ko a sa sabon Switchcraft. Gurnanin da ke tashi a amfilifaya kuwa, kafin a zargi jita a duba wurin da ake kiɗan: coci-coci da ɗakunan biki da yawa a garin nan ba su da wayar ƙasa, ga janareta, ga fitilu masu arha a layi ɗaya. A tabbatar siririyar wayar da ke ƙarƙashin jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa kamar yadda masu goge da garaya ke kiransa, tana taɓa shi sosai, a shimfiɗa tef na jan ƙarfe a cikin ramukan lantarki. A Jazz Bass, in an buɗe bolum biyu daidai wa daida, fikof biyun na kashe gurnanin juna. Fikof kuma multimita ke faɗin lafiyarsa: na Precision kan nuna wajen kilo-om 10 zuwa 11, na Jazz kowanne wajen 7 zuwa 8. In mita ba ta motsa ba, wayar cikinsa, wadda ba ta fi gashin kai kauri ba, ta tsinke. Ana iya sake naɗa ta, amma kada a jefar da shi ko da ya mutu.

To in duk da haka mai jita yana son wani sauti daban fa? Ƙa'idarmu a shago ita ce, duk abin da sukurudireba zai iya mayarwa yadda yake, ana iya yi. Fikof na zamani da yawa an yi su daidai girman ramin Fender. Jakin Gotoh ko Hipshot ko Badass II mai kusoshi biyar yana hawa ramukan da ke nan ba tare da sabon huji ba. Dabarar ita ce a cire tsohon lantarkin dunƙule guda, fikof da fot da wayoyinsu, wayar jaki kaɗai za a raba, a naɗe su a leda da ɗan buhun silika, a rubuta sunan jitar a jiki. A Jazz Bass abin da sauƙi, tunda duk maɓallan na kan faranti ɗaya mai kusoshi uku. Abu guda da ake mantawa: garkuwar roba da ke kare fuskar jita, ta farkon shekarun 1960, tana tsukewa in an cire ta aka ajiye sake, bayan 'yan watanni ramukanta ba za su sake dacewa ba, don haka a ɗaure ta da kusoshinta a kan allo.

Abin da ba ya komawa shi ne duk inda aka ci katako ko fenti. Haƙa rami don ƙarin fikof, haƙa gidan batir mai bolt 9 a baya, faɗaɗa ramukan makullan tsirkiya, cire firet. Fenti kuwa shi ne babba. Tsakanin masu cinikin tsofaffin jita abin da aka saba ji shi ne sabon fenti na cinye kusan rabin kuɗinta, kuma wannan in gwani ne ya yi. In wajen masu fentin mota aka kai, sai su goge ta da sanfefa mai kaushi har lanƙwasar gefenta ta baje, su cika ramin wuya da fenti har hatimin da ke tabbatar da shekarunta ya ɓace. Wurin da fenti ya goge saboda gwiwar hannun wani makaɗi ta yi shekara talatin tana gogarsa, shi mai saye yake nema da kuɗinsa. Yana ba ni takaici in ga an rufe shi da ja mai walƙiya.

Wanda ya fi kowa bukatar jin "sayar" shi ne makaɗin coci. Kiɗan cocin Legas na yau yana son tsirkiya ta biyar mai zurfi da lantarki mai batir da ke tsaga ganguna da kibod. Tsohuwar bes ba za ta zama haka ba. Faɗin wuyan Jazz Bass a sama milimita 38 ne, mai tsirkiya biyar kuwa yana bukatar wajen 45, kuma babu gurbin makulli na biyar. Ga nauyi: wasu na ƙarshen 1970 sun haura kilo 5, ka tsaya da ita awa uku a kafaɗa ka ji. Ga hanya: danfo, okada, but ɗin mota cikin cunkoson gadar Third Mainland da rana tsaka, zafin da ke sassauta gam. Kuɗin tsohuwar Fender ta gaske na iya sayen sabuwar bes mai tsirkiya biyar mai kyau har a yi saura. Mai aikin sitidiyo da ke neman sautin afrobit da hailaif na da, shi ne wanda ya kamata ya riƙe ta, ya ɗaura mata tsirkiya mai santsi ya ƙyale ta haka.

In an yanke shawarar sayarwa, a goge ƙura da busasshen ƙyalle a tsaya nan, kada a goge tsatsar kusoshi har su yi fari, kada a sa sababbi. A ɗauki hoton gindin wuya, ramin wuya, bayan fot, ƙasan fikof, da duk wani tsagu ko gyaran da aka taɓa yi. Farashi kuma a duba abin da aka riga aka sayar da irinta a Reverb, shafin cinikin kayan kiɗa a intanet, ba abin da masu talla ke nema ba, sannan a sauko kaɗan in a Jiji ko Instagram za a sa, don masu sayen irin wannan kaya a gida ba su da yawa. Wanda zai tura waje ya lura da allon yatsu: Fender na farkon shekarun 1960 da katakon rozwud na Barazil aka yi su, wanda tun 1992 yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, ta sa shi a jerin da ya fi tsanani, kuma sassaucin da aka yi wa kayan kiɗa a 2019 bai shafe shi ba. Ba takardar izini, kwastan na can na iya riƙe jitar. A cikin gari kuwa a haɗu a shago ko sitidiyo inda mai saye zai jona ta ya ji, kuma kada ta bar hannunka sai ka buɗe manhajar bankinka da kanka ka ga kuɗin sun zauna, domin alat na ƙarya ya zama ruwan dare. Ledar tsofaffin kayan da aka cire, da akwatin asali ko da ya yage, a haɗa su cikin cinikin, mai saye zai tambaye su kafin ya tambayi komai.