Kat-kat mai lantarki yanzu ko in jira bashe: lissafin mai sana'ar sola a Yamai

Sana'ata sola ce. Ina da ƙaramin kamfani nan Yamai, ni da yaran aiki 'yan kaɗan da ƙanena da ke riƙe mana lissafi, muna ɗora pano a gidaje da shaguna da ƙananan dakunan shan magani na unguwa, muna haɗa batir da ondilar, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, in damina ta wuce kuma mu fita garuruwa sa famfon sola a rijiyoyin masu lambu, yawanci can wajenmu, Ƙonni, Galmi, Madawa har Tawa, inda masu albasa suka gaji da sayen esansi kullum suna zuba ma injin ban ruwa. Aikin ya buɗe mana sosai tun watan Agusta na 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, mutanen da a da suke ganin pano kayan ƙauye ne su suka riƙa kiranmu da dare. Ko da wutar ta dawo a 2024 mutane sun riga sun ɗanɗana, ba su koma baya ba.

Duk wanga aiki a kan mota ɗaya yake tafiya, tsohuwar Hilux mai gazuwal, ita ke ɗaukar kaya ita ke kai ni ganin aiki ita ke kai yara gyara, ran da ta kwana garaji kamfani gaba ɗaya ya kwana. To yanzu Allah ya hore mana abin ƙara mota ta biyu, kuma na ƙudurta mai lantarki zan saya, don gaskiya abin yana damuna, ina shiga gidan mutum ina ce mishi rana ta ishe ka wuta sannan in fito in tsaya layin gidan mai. Tambayar da ta hana ni barci ita ce wace iri. Kat-kat irin wadda ake samu yanzu, ko in yi haƙuri in jira bashe mai lantarki da ake ta labarin tana tafe.

In zuciya za a bi, bashe ce. Duk wanda ya taɓa ɗaukar pano ya san dalili. Pano mai wat 550 tsawonshi ya haura mita biyu, faɗinshi ya wuce mita ɗaya, nauyinshi kusan kilo 28, kuma gilashi ne, ba a lanƙwasa shi ba a danne shi. Ba ya shiga bayan kat-kat ko ka kwantar da kujeru. Ga tsani, ga ƙarafan da muke yin ƙafa da su, ga tiyo naɗi-naɗi, ga buhun siminti na kafa ginshiƙi, ga batir ɗin lithium da sai mutum biyu sun kama. Waɗannan kayan buɗaɗɗen baya suke so, wurin da za ka jefa abu mai ƙura ba ka ji ciwo a rai ba. Shi ya sa da na ji Toyota ta nuna Hilux mai batir zalla a Thailand a watan Nuwamba na 2025 sai da na bar abin da nike yi na zauna karanta bayaninta.

Nan ne jikina ya yi sanyi. Batir ɗinta kilowat-awa 59.2 ne, tafiyar da aka ce tana yi a gwajin Turai kusan kilomita 240, kayan da take ɗauka wajen kilo 715. Isuzu ma ta fito da D-Max mai lantarki, batir 66.9, kilomita 263, ita tana ɗaukar ton ɗaya. Motoci ne masu kyau ba na musu, amma ku ɗauko taswira mu duba tare. Yamai zuwa Dosso kusan kilomita 140, zuwa Dogon Dutsi ya haura 270, Ƙonni wajen 420, Tawa kusan 550. Kenan ko babu komi a bayanta ba ta kai ni Dogon Dutsi da caji ɗaya, balle an loda mata pano goma sha biyu da ƙarafa da mutum huɗu, ga kilim a kunne cikin zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, ga iskar gabas tana bugun kaya. Wancan adadi da suke rubutawa a ɗakin gwaji aka auna shi, ba cikin zafi irin namu ba, ba da lodi irin namu ba. Kuma duk zirga-zirgar da nike yi a wagga hanya idona bai taɓa faɗawa kan wurin cajin mota mai sauri ba. In ka tsaya ka roƙi wani ya ba ka wutar gida ka sa, irin cajin da ke ba da kilowat biyu ko uku, batir mai 60 zai ci maka yini da kwana kafin ya cika, mai lambu kuwa yana can dashen albasarshi na jiran ruwa, ba zai ji wannan uzuri ba kuma yana da gaskiya.

Sai batun jira shi kanshi. Motar da aka nuna a hoto daban, motar da ta iso Yamai da takardun duwan daban. Tesla ta nuna Cybertruck a Nuwamba 2019 da alkawarin farashi daga dala 39,900, ba a fara miƙa ma masu saye ba sai ƙarshen Nuwamba 2023, kuma kuɗin ya tashi nesa da wancan. A Amurka kenan inda ake ƙera ta. Mu nan kuma sabuwar mota sai ta gama zagaya Turai da Asiya da Dubai tukuna ta gangaro mana, tunda aka rufe iyakar Benin a 2023 kuma kaya suka koma biyowa ta Lome su ratsa Burkina, kowa ya san yadda kwantena ke daɗewa da yadda kuɗin hanya ya ƙaru. Yayana da muka yi shawara da shi bai ja magana ba, ya ce ƙanena ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kai dai duba abin da za ka hau bana.

Abin da ya warware mini shi ne da na zauna da littafin aikinmu na raba shi biyu. Ashe yawancin fitar da motar nan take yi ba ɗaukar kaya ba ne. Zuwa auna rufin gida a Koira Kano, kai ma wani lissafin kuɗin aiki a Yantala, ondilar ɗin wani ta yi ƙara a Talladje, a je a wanke pano a Lazaret lokacin hunturu da ƙura ke rufe su, a tsallaka gada zuwa Harobanda a duba batir, a shiga Katako neman waya da ƙusa, nesa ta kai Kollo ko Say a dawo a yini. Duk wannan jakar kayan aiki ce da mita da ɗan gajeren tsani a kan rufin mota, amma muna yinshi da Hilux mai shan kusan lita goma a kilomita ɗari. A ragin farashi na Yulin 2024 litar gazuwal ta koma sefa 618, esansi 499, kenan jaka shida da 'yan kai kowane kilomita ɗari, ban da bidanj da filta da sauran ƙananan ciwo na tsohuwar mota. Kuma wanda ya ga layin mai na watan Maris 2025 a garin nan ya san akwai ranar da ko da kuɗinka ba ka samu, duk da muna da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011.

Ita kuwa kat-kat irin BYD Atto 3, batir ɗinta kusan kilowat-awa 60, a takarda kilomita 420, ni na ɗauka 300 ne don in kwana da kwanciyar hankali, ya ishi aikin gari na kwanaki. In na sa mata cin kilowat-awa 20 a kilomita ɗari har da kilim, tafiyar kilomita 60 a yini za ta ci kilowat-awa 12 kenan. Pano ɗaya mai 550 a ranar Yamai yana ba ni wajen kilowat-awa biyu da rabi a yini in an wanke shi, to pano biyar ko shida sun ciyar da motar. Pano shida jama'a. Abin da nike ɗora ma mai shagon firiji ɗaya. Rufin shagonmu yana ɗaukar fiye da haka ninki.

Akwai wani ƙulli a nan da mai sayar da mota ba zai faɗa maka ba amma mai sola ya sani, lokacin da rana ke ba da wuta shi ne lokacin da motar ke yawo a gari. Hanya biyu ce, ko ka tara wutar a batir na shago ka juye ma mota da dare, wanda ke nufin ƙarin batir mai tsada da asarar wuta a juyawa, ko ka gyara tsarin aikinka. Ni na biyun na zaɓa. Mu dama tsakanin azahar da la'asar lokacin zafi ba mai hawa rufin kwano, ƙarfe yana ƙona hannu, yara suna dawowa shago su ci abinci su yi salla su huta. Awa biyu zuwa uku a kan caja mai kilowat 7 ya mayar da abin da aka ci da safe har da rara. Sai dai in yi mata rumfa, don ba ni son a yi cajin batir mota na tsaye cikin tsakar rana, zafi shi ne babban makiyin batir, wannan kullum nike faɗa ma masu sayen kayana. Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali batir ɗin nata irin LFP ne, irin wanda muke sa ma mutane a gidaje yanzu, ya fi sauran jure zafi da yawan caji, na san halinshi a hannuna ba a labari ba. Tana kuma iya ba da wuta waje, ka sa injin huda ko na yankan ƙarfe a wurin aikin da babu kuran, wannan ga mai sana'a irin tawa ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda zai bi wagga hanya don Allah ya duba bakin caji kafin ya biya. Motar da aka yi don kasuwar Chaina bakinta GB/T ne, wadda aka yi don Turai Type 2 da CCS2, ba sa shiga juna sai da mahaɗi, kuma wadda aka yi don cikin Chaina sau da yawa allonta da harshensu yake zuwa. Ya tambayi garanti a rubuce, wa zai gyara, ina piyas za su fito. Makanikenmu da ya riƙe Hilux ɗin nan shekara da shekaru ya gaya mini gaskiya, ya ce maigida ƙafa da birki da taya ka kawo mini, amma wayoyin nan masu ruwan lemo ba ni taɓa su. Na ji daɗin maganar, wutar da ke cikinsu ta kai ɗaruruwan volt, tana kisa. Shi ya sa nike son ɗaya cikin yarana, wanda ya fi su kai a wajen lantarki, ya je ya koyi wannan fanni da kyau, don motocin nan za su yawaita ko muna so ko ba mu so kuma wani ne zai gyara su, wani ne zai kafa musu wurin caji a Dosso da Dutsi da Ƙonni, ban ga abin da zai hana ya zama mu ba. Ƙasar da ke da tashar sola ta Malbaza tun 2018 da ta Gorou Banda mai megawat 30 ba baƙuwar wannan aiki ba ce.

Ban ce kat-kat ɗin ba ta da aibi ba. Batir a ƙarƙashinta yake, ba zan shiga da ita hanyar jar ƙasa mai duwatsu ta wajen Keita ba, ba zan tsallaka kori da ita da damina ba, cikin gari ma in ruwan Agusta ya cika unguwa sai a bi a hankali. In na tashi sayar da ita kuma ban sa ran layin masu saye ba kamar yadda ake rububin tsohuwar Toyota. Na san da wannan duka kuma na yarda.

Don haka kat-kat zan saya bana, Hilux ta huta da yawon gari ta koma aikinta na asali, kaya da daji, kuɗin man da muka rage mu gyara mata ƙafa da shi mu riƙa ajiye saura. Bashe mai lantarki ina nan ina sonta, sharaɗina biyu ne kawai, ta iya kai ni Ƙonni da kaya da tsayawa ɗaya, kuma a samu inda za a yi tsayawar. Ranar da waɗannan suka cika in Allah ya kai mu ni ne farkon layi. Yanzu dai na sa yara sun fara auna gefen shago inda rumfar za ta zauna, pano takwas za mu ɗora mata don a samu rara lokacin hazo.