Jikin kare ba irin namu ba ne

Wata rana in kare ya kwanta kusa da kai, ka dubi hancinsa da kyau. Ban da ƙofofin nan biyu na gaba, za ka ga 'yar tsaga a kowane gefe, ta lanƙwasa kamar waƙafi. Mu ta inda iska ta shiga ta nan take fita, sai fitar numfashi ya kore warin da ke shirin shigowa. Shi kuwa ta gaba yake shaƙa, ya fitar ta tsagogin gefe, iskar da ta fita ta tayar da warin da ke kwance a ƙasa ta turo masa. In yana bin sawu yakan shinshina kusan sau 5 a daƙiƙa ɗaya. Ƙwayoyin jin wari da ke cikin hancinsa sukan kai miliyan 200 zuwa 300, namu ba su wuce kamar miliyan 6 ba. Kowace ƙofar hanci kuma nata warin take ɗauka daban, da haka yake gane ta wane ɓangare zomo ya bi.

Mafarauta sun daɗe da sanin cewa da sassafe, lokacin da raɓa ke kan ciyawa, kare ya fi kama sawu. Danshi ne ke riƙe wari. Da rana ta take, ko hunturu ya busar da ƙasa, sai ka ga karen da ya yi fice da asuba yana ta kewaye wuri ɗaya. Shi ma hancin don haka yake lasarsa, ya zauna a jiƙe. Amma maganar da ake yi cewa bushewar hanci alamar ciwo ce ba ta da tushe. Kare yakan tashi daga barci da busasshen hanci lafiyarsa ƙalau. Ma'aunin zafi ne ke faɗin gaskiya, kuma zafin jikin lafiyayyen kare digiri 38 zuwa 39 ne, wanda a jikin mutum zazzaɓi ne.

Idonsa kuwa yana ganin launi, sai dai shuɗi da ruwan ɗorawa ne suka fi fito masa, ja da kore sukan rikice masa. Ƙyallin da idon ke yi in ka haska shi da tocila da dare wani shimfiɗi ne a can bayan idon, mai maido da haske kamar madubi, shi ya sa ya fi mu gani a duhu.

Inda rashin sani ya fi halaka karnuka a ƙasarmu shi ne wajen zafi. Kare ba ya zufa a jikinsa kamar mutum ko doki. 'Yar zufar da yake yi a tafin ƙafa take, ba ta kai ta sanyaya shi ba. Haki ne fankarsa: ya zaro harshe, yawu ya riƙa bushewa yana tafiya da zafin. Duk abin da ya hana shi haki zai iya kashe shi, kamar takunkumin da ya matse baki, ko ɗaki mai rufin kwano da ba iska, ko mota a rufe. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri ko Agadas, ɗaure kare a tsakar rana babu inuwa zalunci ne. Karnukan ƙasashen waje masu gashi da yawa da masu gajeren hanci su suka fi saurin faɗuwa. Kwatanta su da karen Azawak na Buzaye, na yankin iyakar Nijar da Mali: dogayen ƙafafu, gashi kamar an aske, jiki babu kitse har haƙarƙari na nunawa. Wanda bai sani ba sai ya ce yunwa ce, alhali halittarsa ke nan, kuma ita ta dace da ranar Sahel.

Kare mai kilo 20 yana buƙatar ruwa sama da lita ɗaya a rana, da bazara kuma ya kusa ninkawa. In ka ga haki ya yi tsanani, yawu ya yi kauri yana zuba, dasashi ya yi jawur, yana tangaɗi ko amai, zafi ya buge shi. Kai shi inuwa, ka yi ta kwarara masa ruwan randa a wuya, ciki da tsakanin cinyoyi, kana yi masa fifita. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, zai tsare zafin a ciki. Kada ka ɗura masa ruwa a baki, zai iya wucewa huhu. Ajiye masa ya sha da kansa. Ko ya miƙe, a kai shi wurin likitan dabbobi, domin ƙoda takan gaza bayan kwana ɗaya ko biyu.

Sai abinci. Mun saba juye wa kare sauran tuwo da miya, kuma mafi yawan lokaci ba abin da ke faruwa. Matsalar albasa ce. Tana farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa, ɗanya ce ko dafaffa ko soyayya. Babbar albasa ɗaya, kamar giram 150, ta isa ta kwantar da kare mai kilo 10, kuma kaɗan-kaɗan kullum ma tana taruwa. Alamar ba ta fitowa ranar da ya ci, sai bayan kwana biyu zuwa biyar: kasala, dasashi ya yi fari, fitsari ya koma kalar shayi. Kafin nan mai shi ya manta da albasar da ta rage a takardar tsire. Tafarnuwa ta fi ta ƙarfi. Goro da cakulan suna ɗauke da sinadaran da ke gaggauta bugun zuciya, jikin kare kuma yana daɗewa bai fitar da su ba. Inabi da zabibi suna lalata ƙoda. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya yi tsini a hanji. Maganin ciwon jiki irin su ibuprofen yana huda masa ciki, don haka kada a ba shi maganin mutane sai likita ya auna.

Abin da na fi so kowa ya riƙe shi ne na ciwon haukan kare, wanda ke kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, da yawansu yara 'yan ƙasa da shekara 15. Ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizo ba. Akwai mai shiru: ya lafe a lungu, muƙamuƙi ya saki, yawu na dalala, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Sai mai shi ya tausaya ya zura hannu ya ciro, alhali ƙwayar cutar a cikin yawun take.

Ta jijiya cutar ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa a hankali, shi ya sa takan yi wata biyu ko uku kafin ta bayyana, kuma cizon fuska ko wuya ya fi na ƙafa saurin kaiwa. Da zarar alamu sun fito, kusan babu mai tashi. Wannan jinkirin shi ne damar da ake da ita. In kare ya ciji mutum ko ya karce shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cif, a duba agogo. Kada a sa toka, barkono ko man birki, kada a ɗaure. A je asibiti a ranar a fara allurar rigakafi, a kuma cika sauran a ranakun da aka rubuta, irin su rana ta 3 da ta 7. In cizon ko karcen ya huda fata akwai wata allurar da ake yi a cikin raunin kansa.

Shi kuma karen, in za a iya killace shi, kada a kashe shi. A tsare shi kwana 10 ana ba shi ci da sha. Karen da ke da cutar a yawunsa yakan nuna alamu ko ya mutu cikin waɗannan kwanaki, amma kada wanda aka ciza ya zauna jira, ya fara allurarsa. In an riga an kashe shi, a sanar da ma'aikatan dabbobi su ɗauki kan cikin ƙanƙara zuwa gwaji, kamar yadda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato. Kwikwiyo yana karɓar allurarsa ta farko yana da wata 3, sannan a maimaita duk shekara, kuma in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa a cikinsa.