Inda Bakatsine zai nufa in yana son gudun laima a kan teku

Kaitsafin wasa ne da mutum ke tsayawa kan allo, iska ta cika wata babbar laima da ke ɗaure a ɗamararsa da dogayen igiyoyi, ta ja shi a kan ruwa. Abu biyu ake dubawa kafin a zaɓi wuri: ta ina iska ke bugowa, kuma ruwan iya ina yake kai wa mutum. Mai koyo iskar da ke zuwa a karkace daga teku zuwa gaɓa yake nema, don in ya faɗi ta turo shi tudu. Wadda ke fitowa daga tudu ta nufi tsakiyar teku, in babu jirgin ceto, kar a shiga.

Masu tunanin gwadawa a dam ɗin Jibiya, Zobe ko Sabke da hunturu, shawarata su haƙura. Iskar hunturu a fizge take zuwa: in ta lafa laima ta faɗo, in ta taso ta finciki mutum. Ga ragar masunta, alhali igiyoyin laima sun kai mita 22 zuwa 24. Abin da za a yi a gida shi ne a ƙware a iyo.

Ga ɗan koyo daga nan, El Gouna ta Masar, kusa da Hurghada, ta fi sauƙi, tunda akwai jirgi daga Kano zuwa Alƙahira. Ruwan a kwance yake, iya gwiwa zuwa ƙugu, sai dai a sa takalmin ruwa saboda kwanso mai yanka. Iska mai gudun kilomita 22 zuwa 37 a awa ta wadatar. Mai nauyin kilo 75 laima mai murabba'in mita 12 zai ɗauka, in iska ta ƙaru ya sauko 9. Darasi da malami yakan ci awa 9 zuwa 12. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya tsorata ya janyo sandar tuƙin laima jikinsa, wanda ƙara wa laima ƙarfi yake yi. Sakin sandar ake yi, in bai isa ba a tura makullin gaggawa da ke gaban ɗamara, mai kashe ƙarfin laima. Wannan ake maimaitawa a tudu kafin a taɓa ruwa.

Paje ta Zanzibar ma ta dace da mai koyo, daga Yuni zuwa Satumba, ko Disamba zuwa Fabrairu. A duba jadawalin cika da janyewar teku, domin in ruwa ya janye sosai yashi kawai za a tarar.

Wanda ya fara tsayawa kan allo amma iska na kwasar shi nesa da inda ya tashi, Dakhla, wadda ake zuwa ta Maroko, ita ce makarantarsa. Faffaɗan ruwa ne a kwance, marar igiyar ruwa, iska na ƙarfi daga Afrilu zuwa Satumba. Ruwan da sanyi, sai da rigar roba.

Na ƙwararru kuwa, akwai Ponta Preta a tsibirin Sal na Kef Bad: manyan igiyoyin ruwa na fashewa kusa da duwatsu, iskar kuma daga tudu take. Sai Bloubergstrand a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, inda iskar kudu maso gabas kan wuce kilomita 55 a awa tsakanin Nuwamba da Maris. Wanda ya isa can ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya tafi Langebaan, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi arewa, inda ruwan ya fi lafawa.