Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Mutuwar Duna

Na yi alkawarin wannan makon zan faɗi yadda muka tashi daga Runjin Sambo muka koma Mabera, amma zancen Duna, karen gidanmu, ya hana ni sakat. Bari in sauke shi tukuna.

Baba ne ya karɓo shi wajen wani mafarauci a Kware yana ɗan kwikwiyo, a 2010, shekarar da ruwan madatsar Goronyo ya cinye gadar jami'ar Ɗanfodiyo a Sakkwato. Baƙi wuluk, dogayen ƙafafu, ciki a ɗame. Ba a taɓa barin shi ya shiga ɗaki ba. Aikinsa gadin awaki da dare, da rani kuma ya bi mu fadamar Kwalkwalawa inda muke noman albasa. Masu cewa malami bai kamata ya ajiye kare ba, Baba yakan karanto musu hadisin da ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gona, sannan ya ɗora da tasa: "Duk abin da yac ci tuwon gidanka yana da hakki bisa kanka."

Baba ya rasu, na yi aure, yara suka zo, Duna yana nan bakin garke har gemunsa ya yi fari.

Wata safiya cikin bazara na tarar da shi kwance gindin dogon yaro, jiki na karkarwa, yawu na dalala, ƙwayar idonsa ta tsuke ta koma ɗan ɗigo. Kafin in juya unguwa ta ɗauka cewa karen gidanmu ya haukace, har samari sun fara tattaro duwatsu. Yaya ne ya fara furta kalmar, kuma da ƙarfi ya furta ta, a ƙofar gida. Shi da ya san duk shekara ina kai karen nan allurar rigakafi, takardar tana cikin akwatina har yau. Ko da likitan dabbobi ya iso rai ya riga ya fita. Ya duba, ya sunsuna aman, ya ce wannan ya fi kama da guba, irin piya-piyan da ake barbaɗa wa nama. Ya ce in ana son tabbatar da hauka sai an yanke kan an aika Vom ta jihar Filato a gwada ƙwaƙwalwar. Tunda bai ciji kowa ba, ban yarda a yanke ba.

Wanda ya sa gubar na san shi, shi ma ya san na sani. Mun haɗu a jana'iza ba sau ɗaya ba.

Likita ya ce kada a yar da gawar a fili, don duk karen da ya ci ta zai bi bayansa: ko a ƙone, ko a binne da zurfi. Ya ba ni labarin yadda ake yi a Ingila, inda ya je ƙaro karatu. Akwai gidajen da sana'arsu ke nan, murhun ƙarfe ne mai zafin da ya kai digiri 800 ko fiye, a sa dabbar, a niƙa ƙashin da ya rage, a miƙo maka tokar cikin ɗan akwati. Mu nan ba mu da wannan. Abin da muke da shi itace ne da kalanzir da tsofaffin tayoyi, kuma ya gaya mini gaskiya cewa wutar fili ba ta cinye ƙashi, sai an wuni ana izawa. Duk da haka na tafi wajen masu itace na yi ciniki, don ƙasar bazara ta yi tauri, gawa kuma ba ta jira a zafin Sakkwato.

Ina dawowa Yaya ya tare ni gaban mutane: "Kai, mi kaka yi haka? Kare na hwa! Ɗaura mai igiya yara su ja shi jibji." Aka yi dariya. Mutumin da awakinsa suka kwana lafiya shekara da shekaru albarkacin karen nan. Lokacin rabon gadon Baba ma haka ya yi da tsohuwar jakar gidan, ya sayar wa masu lodin jakuna tana ɗingishi, amma wannan sai mun zo kansa. Ni dai maganar Baba ce kawai ke yi mini amsa-kuwwa, abin da ya ci tuwon gidanka.

Inna ce ta raba gardamar daga bayan zana. "Ba a kai shi jibji, ba a kuma sa mai wuta. Ubanku bai ƙona ko kunama ba. Ku tai ku gina rami." Na ce mata ai ya mutu, ba ya jin zafi. Ta ce ta sani, ita ce za ta ji.

Na mayar da itacen, mai itace ya cire ladansa. Na naɗe Duna cikin buhun taki, na ɗaura a bayan babur, ni da ƙanena muka nufi fadama. Can gefen gona inda ƙasa ke da danshi muka haƙa har ramin ya kai mini ƙirji, muka zuba toka, muka rufe, muka danne da duwatsu da ƙayar magarya saboda karnukan daji. Da dare na ɗebi ɗumame na nufi bakin garke kafin in tuna. Babbar ɗiyata ta tambaye ni ko kare yana shiga Aljanna. Na ce mata Allah ya ambaci karen As'habul Kahfi cikin Alƙur'ani, sauran kuma ta tambayi malaminsu na Islamiyya.

Yaya bai taɓa cewa komai a kan ranar ba. Ba a rufe wata ba aka sace masa awaki biyu, ya aiko yaro wai in raka shi cigiya kasuwar dabbobi ta Kara. Na raka shi, domin Inna tana raye a lokacin.