Yayana na son fita da iyalinshi, amma bizar mace ɗaya ta sani

Assalamu alaikum jama'a. Kusan wata huɗu kenan ina ɗauke da wata magana a raina, yau na ce bari in rubuto ta ko Allah zai haɗa mu da wanda ya bi wannan hanya da ƙafarshi ya faɗa mana gaskiya, don mu dai mun ji maganganu kala-kala har kanmu ya ɗau zafi.

Maganar babban yayanmu ce. Nas ne, shekara 16 yana aikin jinya, yanzu yana da 41 a duniya. Yawancin aikinshi a wani asibitin karkara ya yi shi can ta wajen Batsari, kuma duk ɗan Katsina ya san halin da yankin nan ke ciki a 'yan shekarun nan. Ya sha kwana yana ɗinke waɗanda aka harba, wani yaro na riƙe mashi fitilar waya. Gonar da Baba ya bar mana damina huɗu rabonmu da ita. Tun da aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 ya ciro babban ɗanshi daga makarantar kwana bai sake mayar da shi ba, ana cikin haka kuma aka janye tallafin mai a 2023, albashin da a da yake kai shi ƙarshen wata da ƙyar ya koma ko sati biyu ba ya yi. Ranar da ya same ni a shago ya ce "Auta, ni fa na gaji, so nake in fita da yaran nan," ban yi mashi musu ba ko kaɗan, mutum ne mai haƙuri wanda ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, na san tura ce ta kai bango.

Matanshi biyu. Uwargida 'ya'yanta huɗu, babban yana da 19, sai mai 16, mai 12 da mai 7. Amarya uku gare ta, ƙaramar ana goyonta. Ga kuma ɗan yayarmu da ta rasu, yana hannunshi tun yana rarrafe, Baba yake ce mashi, bai san wani uba ba sai shi. Mu a wajenmu waɗannan duka su ne iyalinshi, da shi su goma sha ɗaya, tukunya ɗaya ake ɗora masu.

Da yake ni ne mai ɗan taɓa kwamfuta a gidan, ni aka ɗora wa bincike. Amma kafin in fara ma wani abokin aikinshi ya haɗa shi da wani ejan, muka je tare. Ofis ne mai kyau, ga esi, ga tutocin ƙasashe an jera a tebur. Ya ce zai samo ma Yaya takardar ɗaukar aiki a Ingila, wadda suke ce ma CoS, aikin kula da tsofaffi, a kawo miliyan goma sha biyu, rabi yanzu rabi in takarda ta fito, kuma kowa da kowa zai tafi. Yaya har ya fara maganar sayar da filinshi na bayan Ƙofar Ƙaura. Allah ya taimake mu na ce a ba ni sati ɗaya.

A satin nan na zauna na karanta shafin gwamnatin Ingila da kaina, ba abin da ake yaɗawa a TikTok da WhatsApp ba, wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Tun 11 ga Maris 2024 aka hana masu aikin kula da tsofaffi tafiya da mata da 'ya'ya, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Ita kanta takardar ba ta sayarwa ba ce, wanda ya ɗauke ka aiki shi ke biyan kuɗinta. Wato ƙofar da mutumin nan ke son karɓar miliyan goma sha biyu a kanta an riga an garƙame ta. Hanyar karatu ma da mutane suka riƙa bi, tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na zaman aji ba ya tafiya da iyali, sai masu digirin bincike.

Abin da ya ɗan kwantar mana da hankali shi ne Yaya cikakken nas ne, kuma ƙofar nas-nas a buɗe take, suna tafiya da iyali, an ma ɗauke masu kuɗin lafiyar nan da sauran masu biza ke biya, fam 1,035 duk shekara a kan kowane babba. Sai dai akwai hawa. Zai rubuta jarrabawar Turanci ta IELTS ya ci 7, rubutu kaɗai aka yarda da 6.5, ko ya yi OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, sakamakon kuma shekara biyu yake yi ya mutu. Zai yi rajista da hukumar nas-nas ta can, NMC, ya rubuta jarrabawar kwamfuta a nan gida, ta gwajin aiki wadda ake ce ma OSCE sai ya sauka can. Kowa sai an yi mashi gwajin tarin fuka a Abuja ko Legas, a garuruwan nan kuma ake ɗaukar hoton yatsu. In asibitin da ya ɗauke shi bai tsaya mashi ba, sai ya nuna kuɗi a banki sun kwana 28 ba a taɓa ba, fam 1,270 nashi, 285 na mata, 315 na ɗan farko, sai 200 kan kowane yaro bayan shi. Duk wannan wahala ce amma wahala ce da aka san ƙarshenta, mutum zai iya ɗaure ɗamara ya yi.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar iyali. Ingila mace ɗaya take ba bizar matar aure, ko da auren duka biyun halal ne a dokar ƙasarmu. Yaro sai wanda bai kai 18 ba, kenan babban ya fita. Sannan ƙa'idar yara ta ce sai uwa da uba dukansu suna tafiya ko suna can, in ba ɗaya ya rasu ba, ko ɗaya ne kaɗai ke ɗauke da nauyin yaron, ko akwai wani dalili mai ƙarfin gaske. Ma'ana duk matar da aka bari a gida 'ya'yanta ma suna nan tare da ita. Ɗan riƙo kuwa, irin riƙon da muke yi na zumunci ba kotu ba takarda, ba ya cikin lissafi. Na ɗauki biro na ƙirga, cikin mutum goma sha ɗaya biyar ne za su hau jirgi in da uwargida aka tafi, biyar ɗin ne dai in da amarya ce.

Na koma wajen ejan ɗin ni kaɗai na faɗa mashi abin da na gani. Ko a jikinshi. Ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, za a rubuta 'ya'yan amarya a matsayin na uwargida a yi masu sabuwar takardar haihuwa, ita kuma amarya a rubuta mata saki na takarda kawai, daga baya a san yadda za a yi ta biyo. Na daɗe ina kallonshi. Ingila in ta kama ka da takardar ƙarya shekara 10 za ta hana ka shiga, kuma akan kai ga gwajin jini a tabbatar da uwa. Wannan ma ta duniya ce. Ta yaya za a ɗauki yarinyar da ke shan nonon uwarta a jingina ta ga wata? Saki kuma tun muna Islamiyya aka karantar da mu ba a wasa da shi, da gaskenshi da wasanshi duk gaske ne. Da na ba Yaya labari bai ce komai ba, ya ciro waya ya goge lambar mutumin a gabana.

Daren da na yi ma gida bayani ba zan manta shi ba. A ɗakin Hajiya muka zauna bayan isha'i, Yaya ya zazzage takardu daga wata tsohuwar jakar Makka a kan tabarma, ina haska su ɗaya bayan ɗaya. A nan ma muka ga wani aikin. Sunanshi a takardar sakandare Muhammadu, a NIN Mohammed, a lasisin aiki Muhammad, ranar haihuwa biyu daban, ɗaya 1 ga Janairu irin wadda ake rubuta ma duk wanda ba a riƙe ranarshi ba. Auren uwargida shekara 21 ba takarda ko guda, a ƙofar gida aka ɗaura aka raba goro aka watse, shaidu biyu ma sun rasu. Yara uku ne kawai ke da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya. Ina cikin bayanin mace ɗaya ne amarya ta shigo da tiren shayi, ta ajiye, ta ɗan tsaya bakin ƙofa da goyonta, sannan ta fita ba ta ce uffan ba. Uwargida ce ta yi magana, ta ce "Abban yara, in ta haka ne ka tafi da ita, nata ƙanana ne, ni in zauna da Hajiya." Hajiya ta ce ma Yaya, "Kai dai ka ji tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane, duk inda za ka." Shayin nan har ya huce ba wanda ya sha.

Na duba Kanada. Su maki suke ba mutum, kuma makin shekaru daga 30 yake fara zubewa, a 45 ya ƙare ƙaf, Yaya na da 41. Abu ɗaya mai daɗi, yaro har ƙasa da 22 in bai yi aure ba yana bin iyaye, to babban zai shiga. Amma nan ma mace ɗaya ce, auren mace fiye da ɗaya laifi ne a dokarsu, kuɗin nunawa kuma na mutum huɗu kawai ya haura dalar Kanada 27,000. Amurka ban daɗe a kanta ba, cacar bizar da mutane ke ta tambaya an cire Najeriya tun zagayen 2015, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya cike ma ɗan Najeriya haifaffen nan cutarka zai yi.

Saudiyya ita ce zuciyar Hajiya ta fi kwanciya da ita, kuma gaskiya ni ma. Yara za su tashi suna jin kiran salla, jirgi daga Kano awa biyar bai cika ba. Nas zai bi ta tantance takardu na DataFlow da jarrabawar Prometric, ya samu asibitin da zai ɗauke shi a yi mashi igama, wato takardar izinin zama. Amma mai aiki a asibiti mai zaman kanshi riyal 400 yake biya duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinshi, mata biyu da yara bakwai riyal 3,600 kenan kafin haya kafin abinci kafin makaranta, igamar kuma a ɗaure take da aikin, ranar da aiki ya ƙare zama ya ƙare. Masu cewa a tafi da bizar Umara a maƙale kuwa, mun ga 'yan unguwarmu da aka kwaso aka dawo da su da kayan jikinsu, ba za mu kai yara cikin wannan rayuwar ɓuya ba.

Ni ra'ayina, kuma na faɗa mashi, kada ya sayar da filin nan yanzu. Ya fara gyara suna da ranar haihuwa su zama ɗaya a ko'ina, a yi takardun aure da na haihuwa na gaskiya, ya ci jarrabawar Turancin. Fasfo ma kada a yi ma kowa a lokaci ɗaya, tun Satumbar 2025 mai shafi 32 naira 100,000 ne, su goma sha ɗaya ya haura miliyan, gara a yi nashi tukuna. In aiki ya samu ya tafi shi kaɗai ya yi shekara ya ga gari, albashin sabon nas a Ingila wajen fam 30,000 ne a shekara kafin haraji, a naira kamar dukiya, amma can zai biya haya da wuta ya kuma ciyar da gida biyu a nan. Shi kuma abin da ke cin ranshi kenan, yana cewa don yaran zai fita, in ya tafi ya bar su a cikin abin da yake gudar masu to me ya yi?

Shi ya sa nake roƙonku. Duk mai mata biyu da ya fita aiki Ingila ko Kanada ko Saudiyya, ko matar da aka tafi aka bari, ko wadda aka tafi da ita aka bar abokiyar zamanta, don Allah ku ba mu labarin yadda zaman ya kasance. Ya kuka yi da rabon kwana da adalci, sau nawa ake samun zuwa gida a shekara, yaran da aka bari ya suka tashi da 'yan'uwansu da ke can? Nas-nas ɗinmu na arewa da ke Saudiyya, albashin na ɗaukar kuɗin igamar iyali ko a gida kuka bar su? Ejan kada ya wahalar da kanshi, ba da shi nake ba.

Yanzu dai Yaya ya sayi littafin IELTS na hannu, in ya dawo aiki yana zama a zaure da abin ji a kunne, 'yarshi mai 16 na riƙe mashi agogo. Jiya da na je gidan amarya ta tare ni a tsakar gida tana shanya, ta rage murya ta ce "Baba ƙarami, tsakaninka da Allah, in ya tafi da uwargida, ni da yaran nan ko ziyara za a bar mu mu je?" Na ce mata akwai bizar ziyara, har wata shida ake yi, amma sai an gamsu za ta dawo. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da matse zanen da ke hannunta.