Godiya ga mutanen taragonmu, jirgin Legas zuwa Kano na jajibirin Sallah

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana.

Ga duk waɗanda suka yi ta kira da turo saƙo tun ranar Asabar suna tambayar jikin Baba: yana gida a Fagge, ya samu sauƙi sosai. Likita ya duba shi bayan hutun Sallah, an rage masa ƙarfin magani, yana cin abinci, har ya koma faɗan da ya saba yi da jikoki a kan rediyonsa. Alhamdulillahi. Mun ga addu'o'inku, Allah ya bar zumunci.

Amma ainihin waɗanda na zauna in rubuta wannan dominsu mutane ne da ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ba ni da lambar wayar kowa. Jirgin ƙasa ya haɗa mu, jirgin ya raba mu. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya karanta ya taimaka ya yaɗa, ko Allah zai sa ya kai gare su.

Masu tambayar me ya kai mu hawa jirgin ƙasa da dattijo a lokacin cunkoson Sallah, ba su san Baba ba ne. Tun yana saurayi yake Agege yana harkar goro, kuma a zamaninsu huhunan goro ta layin dogo suke hawa Arewa. Tashoshin nan a kansa suke kamar karatun allo: Abeokuta, Ibadan, Osogbo, Offa, Ilorin, Jebba, Mokwa, Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya, Kano. Shekarun da jirgin ya daina tafiya ba ƙaramin ciwo suka yi masa ba, kuma tun da aka dawo da shi a ƙarshen 2012 ya ce shi da motar haya sai dai dole. Hujjarsa ita ce a jirgi mutum yana miƙe ƙafa, yana alwala, ba wanda zai yi gudun ganganci da ransa. Muka ce to, Baba, yadda ka ce.

Ranar Juma'a muka shiga a Agege, ni da shi da ƙanwata. Jirgin ya taso daga Iddo a cike, ya zo ya ƙara cika. Wanda bai samu kujera ba ya zauna a kan jakarsa a tsakiyar hanya, yara a cinya, buhunan tsaraba a ƙarƙashin kujeru da saman kanta. Raguna suna gangarowa Kudu a tireloli, mu masu yanka su muna hawa Arewa. Tafiyar ta haura kilomita 1,100 a kan tsohon siririn layin da ya isa Kano tun 1911, kuma layi ɗaya ne, wani lokaci sai jirgi ya tsaya a tasha ya jira wani ya wuce. Duk wanda ya sayi tikiti ya san a ciki zai kwana, ba mai yi wa jirgin nan gaggawa.

Daren farko lafiya lau. Da asuba muna dab da Jebba mutane suka fara tashi sahur saboda azumin Arfa. Baba ya karɓi shayi da ɗan yankin burodin Agege, ya haɗiye ƙwayar maganin sukarinsa kamar kullum. Bai ce da kowa ya ɗaura niyya ba. Da gari ya waye muna tsallake gadar Kwara har shi ne mai ba yaran taragon labari, cewa kafin a gama gadar da jirgin ruwa ake haye da taragu zuwa ɗaya gaɓar.

Bayan mun bar Mokwa, rana ta take, sai na ga hirarsa ta yanke. Gumi ya jiƙe masa riga sharkaf alhali iska tana shigowa ta taga. Hannunsa yana rawa har carbi ya faɗi. Na ce, “Baba, lafiya?” Ya dube ni ya kira ni da sunan ƙaninsa da ya rasu tun ina yaro. Nan ƙanwata ta fashe da kuka. Wanda ya san tsakanin Mokwa da Zungeru ya san daji ne, waya ba sabis, ba garin da za a ce a tsaya a nemi asibiti.

Kafin ka ce kwabo an yanyame mu, kowa da maganinsa. Wani ya ce hawan jini ne, wata ta ce a tofa masa addu'a iska ce, wani bawan Allah da ya ji an ambaci ciwon sukari ya ce sukarin ne ya hau, a ƙara masa ƙwaya maza. Da zuciya ɗaya ya faɗa, ban riƙe shi da komai ba. Amma da an bi shawararsa da yanzu wani rubutun nake yi, ba wannan ba.

Godiyata ta farko ga ma'aikacin jirgi mai duba tikiti. Bai tsaya kallo ba. Ya ce kar a ba shi komai sai ya dawo, ya kutsa cikin cunkoson nan tarago bayan tarago yana kiran ko akwai likita ko nas. Da kuma ɗan sandan da ke rakiyar jirgi, wanda ya kore mutane baya ya buɗe wa Baba iska. Muryarsa ta yi kaushi, wasu sun ji haushi, amma abin da wurin yake buƙata ke nan.

Sai ga mai duba tikiti ya dawo da wata mata Bayarabiya, za ta yi shekara hamsin da wani abu, da ɗaurin ɗankwali shuɗi da tabarau a rataye a wuya. A Offa ta shiga, Minna za ta, nas ce. Mama, idan wannan rubutu ya iso gare ki, ki sani gidanmu gaba ɗaya yana yi miki addu'a.

Ba ta ɓata lokaci ba. Tambaya biyu ta yi mini: wane magani yake sha, kuma yaushe rabonsa da abinci. Na miƙa mata kwalin, ta karanta, ta girgiza kai. Ta zaro na'urar gwajin sukari daga jakarta, ta huda yatsan Baba, ta ɗiga jinin a kan ɗan tsinken. Lambar da ta fito ta yi ƙasa ƙwarai da 70, kuma daga 70 zuwa ƙasa ne ma'aikatan lafiya ke cewa sukari ya faɗi. Ta ce ba hawa ya yi ba, faɗuwa ya yi: ya sha maganin da aikinsa sauke sukari, sannan ya hana cikinsa abinci. Ta duba ta ga yana iya haɗiya, ta ce a kawo lemon kwalba ko sukari a ruwa yanzu-yanzu. Ta kuma ja kunnenmu cewa da ya suma ba a ɗura masa komai a baki, don zai iya shaƙewa.

Lemo ya zo daga hannaye kusan biyar. Sai Baba ya datse haƙora. Duk da ruɗewar da yake ciki abu ɗaya ya riƙe: “Ina azumi.” A nan muka san ya ɗauka. Na roƙe shi, ƙanwata ta roƙe shi, ya kawar da kai. Mama ta durƙusa a gabansa a kan dattin ƙasan taragon, ta riƙe hannunsa tana lallashinsa da Yarabanci, wanda yake ji kamar Hausa. Ya saurare ta, amma bai buɗe baki ba.

Wani malami ne ya warware mana, siririn dattijo mai farin rawani da ke zaune can kusa da ƙofa, wanda tun Legas ban ji ya ce uffan ba sai lazimi. Ya taso ya zauna a gefen Baba, ya sa bakinsa kusa da kunnensa. Bai yi wa'azi ba, bai ɗaga murya ba. Abin da na jiyo shi ne, “Alhaji, ko Ramadan ne Allah ya ɗauke wa mara lafiya da matafiyi, kai kuwa ka haɗa biyun, balle nafila. Wanda ya karya nafila da uzuri ba ramuwa a kansa. Sha, ni ma azumin nake, ni na ce ka sha.” Ya karɓi kwalbar da hannunsa ya yi bisimilla ya kai masa baki. Baba ya sha. Allah ya gafarta Malam, Allah ya ƙara maka daraja. Da wani ne mai zafin kai ya zo yana yi wa Baba faɗa a gaban jama'a, na san halin mahaifina, da ba a sha lemon nan ba.

Bayan kamar minti 15 Mama ta sake gwadawa, ta sa aka ƙara masa, ta kuma gwadawa. Gumin ya tsaya, idonsa ya dawo, ya dube ni ya kira ni da sunana, ya tambayi inda carbinsa yake. Taragon ya ɗauki hamdala. Wata Hajiya mai zuwa Zariya ta buɗe kwanonta ta ba shi doya da soyayyen kifin da ta saya a Jebba don buɗa bakinta, saboda Mama ta ce lemo kaɗai ba ya riƙe mutum, sai an bi shi da abinci mai nauyi. Hajiya, mun gode, Allah ya karɓi azuminki.

Na ce da Mama ko mu sauka a Zungeru. Ta ce a'a. Garin ya taɓa zama hedikwatar mulkin Arewa kafin a koma Kaduna, amma in asibiti ake nema gara a ƙarasa Minna. Ta kuma bayyana mana abin da ban taɓa sani ba, cewa irin ƙwayar da Baba yake sha tana daɗewa a jiki, sukarin zai iya sake faɗuwa bayan sa'o'i ko da mutum ya warware. Don haka ta bar kujerarta da kayanta a can, ta tsaya a kanmu har Minna. Masu iyaye masu ciwon sukari, don Allah ku tambayi likitansu tun kafin ranar azumi ta zo, kuma ku tambayi su iyayen ko sun ɗauka, don ba za su faɗa da kansu ba.

Akwai kuma Alhajin nan ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya biya kuɗin ɗakin kwana mai gado don ya huta. Labari ya kai masa, ya zo da kansa ya ce a kai Baba gadonsa, shi ya dawo ya zauna a kujerarmu mai tauri har Kano. Na bi shi da kuɗin bambancin tikiti, ya ɓata rai kamar na zage shi. Alhaji, na bar maganar kuɗi, amma addu'a ba ka isa ka hana ni ba.

A Minna Mama ta yi gwajin ƙarshe, ta ce ita da za a bi tata a sauka a ga likita. Baba ya ce shi a Kano zai yi Idi. Ta yi dariya ta ce ta ga alama, ta kafa masa sharuɗɗa: ba ƙwaya sai likita ya gan shi, abinci kaɗan-kaɗan a kai a kai, gwaji cikin dare, in lamba ta sake sauka a sauka a Kaduna ba gardama. Ta koya wa ƙanwata yadda ake huda yatsa da sa tsinke, ta danƙa mata na'urar da sauran tsinkayen. Na ce bari in raka ta in karɓi lambarta, sai turereniyar masu sauka da masu shiga ta raba mu, jirgi ya yi ƙara ya ja.

Magariba ta riske mu a hanyar Kaduna. Dabino da ruwa da ƙosai suka yi ta zagaya taragon, har waɗanda ba Musulmi ba suka fito da abin da ke jakarsu suka miƙa wa masu buɗa baki. Ƙanwata ta gwada Baba a Kaduna, ta kuma gwadawa a Zariya, lamba lafiya. Muka shiga Kano da asubahin Sallah ana ta kabbarori. Godiya ga matasan da suka ɗauko mana kaya har bakin tasha, da Yaya da Kawu da suka kwana a mota suna jiranmu. Baba ya samu Idi, a zaune a kan kujera, amma ya samu.

Mutanen Minna da na Offa, ga roƙona. Idan kun san wata nas da ta hau jirgin Juma'ar nan daga Offa, ta ce za ta je ganin 'yarta da ta haihu, ku nuna mata wannan ko ku turo mini saƙo. Na'urarta tana hannuna, na sayi sababbin tsinkaye na cika mata kwalin, kuma Baba ya ware mata cinyar ragonsa an soya an ajiye. Ya ce in ba a same ta ba zuwa ƙarshen wata, ni zan hau jirgi in je Minna in bi asibitoci ina tambaya.